Gran-Popo daga Damagaram: wa ya san hanyar, kuma wurin ya yi da yara?

Malamin Lakwal, Sabon Gari:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da hutun kwana goma a ƙarshen Disamba, ina son in kai iyali su ga teku, ni da maiɗakina da yara biyu, mai shekara 11 da mai shekara 7. Ba ma son Kwatano ko Lome, hayaniya muke gudu. An ambata mini Gran-Popo a ƙasar Benin. Wace hanya ta fi daga nan Damagaram, waɗanne takardu ake bukata, kuma yaran za su iya shiga ruwan? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Zango:

Wa alaikumus salam Malam. Fara lissafin kwanaki kafin na kuɗi. Daga Damagaram zuwa Gran-Popo wajen kilomita 1,700 ne, kuma da yara kwana uku ne zuwa, kwana uku dawowa. Cikin gomanka huɗu ne na teku. Wanda ya ce maka kwana biyu zai kai ka, tafiyar dare yake nufi, ita kuwa ban ba ka shawararta ba, musamman tsakanin Doso da Gaya da kuma arewacin Benin, daga Malanbil zuwa Kandi, inda tsaro ya taɓarɓare a shekarun nan.

Ranar farko ku hau kar ɗin asuba, wato babbar motar fasinja: Maraɗi, Konni, Dogon Dutsi, ku sauka Doso, kusan kilomita 750. Kada ku zarce Yamai, ƙarin 140 ne da za ku sake dawowa. Rana ta biyu Doso zuwa Gaya, 150, ku ƙetare zuwa Malanbil, ku nemi kaiwa Paraku kafin duhu, wajen 320. Rana ta uku Paraku zuwa kudu, ɗari huɗu da ɗoriya. Ga abin da baƙi ke kuskurewa: ba sai kun shiga cikin Kwatano ba. Ku ce a sauke ku a Godome, nan hanyar yamma ta rabu, ku hau taksin da ke zuwa Hilakonji, iyakar Togo. Za ku wuce Wida, ku wuce Kome, ku haye gadar kogin Mono, kun iso. Daga Kwatano kilomita 80 ne da ƴan kai. Ku sayi kujeru huɗu cikakku, ko ma ku biya duk layin baya, don in ba haka ba za a ɗora muku ƙaramin a cinya a cusa wani.

Maganar iyaka ita ce babba. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 gadar Gaya da Malanbil ta shiga rufi, matafiya suka koma ƙetare kogin Isa a kwale-kwale, wani kar ɗin ya ajiye su wannan gaɓa, wani ya ɗauke su a waccan. Ka je gishen kamfanin da za ka bi a satin da za ka tashi, ka tambaye su ƙarara yadda fasinjansu ke ƙetarewa a ranar, da ko kuɗin jirgi na cikin tikiti. In jirgi ne, kada ku shiga wanda aka loda wa buhuna da babura har bakinsa ya kusa shan ruwa, ku jira na gaba.

Takardu: fasfo ko katin ɗan ƙasa mai rai, takardun haihuwar yaran, da karnen rigakafin shawara na kowa har yaran. Allurar sai ta kwana goma kafin a karɓe ta, sau ɗaya kuma ake yin ta a rayuwa, don haka a yi ta tun farkon Disamba. Benin ba ta neman biza wurin ɗan Afirka in bai wuce kwana 90 ba. Kuɗi sefa ɗaya ce, sai dai can ba a lissafi da dala. In an ce maka "san" 100 ake nufi, ba ɗarinmu ta 500 ba.

Mai Kaya, Tudun Jamus:

Alhaji Direba ya faɗi gaskiya, amma akwai hanyar Najeriya: Matamaye, Daura, Kano, Legas, sai Badagiri da Seme. Ba jirgin ruwa a ciki. Illarta iyaka biyu maimakon ɗaya, canjin naira, Kano zuwa Legas kilomita dubu da wani abu a zaune, ga shingaye birjik tsakanin Badagiri da Seme. Ga ɗan kasuwa shi kaɗai ta yi. Da mace da yara biyu, ni dai ta Gaya zan ce, in har ana ƙetarewa lafiya a lokacin.

Hajiya Mai Jinya:

Malam, tambayarka ta ƙarshe na zo amsawa: a'a, kada su shiga, kai ma kada ka shiga. Tekun Gran-Popo na kallo ne. Wanda ya iya iyo a tafkin Gidimuni bai iya wannan ruwan ba. Gaɓar tana da gangare, taku biyu uku ƙasa ta zurma, igiyar ruwa kuma a bakin yashin take fashewa da ƙarfi. In ta koma tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, sai ka ga babban mutum ruwa iya gwiwa ya faɗi zaune, ta biyu ta zo ta ja shi. Yaro ɗan shekara 7 ruwa iya ƙauri ya ishe shi.

Abin da ya fi yaudara shi ne wurin da ya yi lumui. Za ka ga igiyoyi na fashewa dama da hagu, a tsakiya wani ɗan fili ruwansa ya yi duhu, ba kumfa, kamar ya fi lafiya. Nan ne ruwan da ya taru a gaɓa ke komawa ciki da gudu. In ƙaddara ta sa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya bar ruwan ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu, in ƙarfin jan ya ragu ya yi gefe, a tsawon gaɓa, sannan ya nufo tudu. Wanda ke tudu kuma ya kira masunta, kada ya faɗa. Ga yara doka ɗaya ta isa: yashin da ya jiƙe ba a taka shi sai hannu cikin hannun babba, kuma ba a juya wa teku baya. In suna son wanka, nemi masauki mai ɗan wurin iyo na siminti.

Sauro can ba ya hutun rani, ruwa kwance ko'ina bayan garin. Ku tafi da sangenku biyu da igiya, don na masauki sau da yawa a yage yake. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki sati ko fiye kafin ya bayyana, wato mai yiwuwa sai kun dawo gida cikin sanyin Janairu, a ce mura ce. Duk wanda jikinsa ya yi zafi cikin wata guda da dawowa, a yi masa gwajin jini ranar. Ku riƙe ƴan fakiti goma na gishirin zawo, ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da parasitamol. Zafin can bai kai namu na Afrilu ba, amma iskar jiƙe take, gumi ba ya bushewa, mutum na ta zuba bai sani ba. Kowa ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba.

Ɗan Gandun Daji:

Hajiya ta gama magana kan teku. Ni kuma ina cewa wanda ya je Gran-Popo ya tsaya bakin teku kawai ya bar rabin garin. Garin zirin yashi ne, teku ta kudu, kogin Mono da fadamunsa ta arewa, kuma abin kallon yana ɓangaren kogin. Disamba lokaci ne mai kyau: babbar damina can Afrilu zuwa Yuli ce, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, kuma wajen Satumba da Oktoba Mono kan yi ambaliya, har da ruwan da ake saki daga madatsar Nangbeto ta Togo. Zuwa Disamba ya kwanta.

Ware yini guda don Bush-di-Ruwa, inda Mono ke shiga teku, gabas da gari. A Faransanci sunan kamar "bakin sarki", amma asalinsa kalmar Fotugis ce mai nufin bakin kogi. Yankin na cikin gandun da UNESCO ta amince da shi a 2017, na haɗin gwiwar Benin da Togo. Ka shirya da mai jirgi tun jajibiri, ku tashi ƙarfe bakwai, don tsuntsaye da safe suke, zalɓe da balbela da masu kamun kifi, kuma da hantsi ya ɗaga rana kan ruwa ba ta da daɗi. Kafin ka biya ku daidaita abu huɗu: jirgin mai inji ne ko na sanda, kuɗin mai na ciki ko a'a, tsayawa nawa za a yi, da rigar hana nutsewa daidai jikin yara. Ta manya a jikin ƙaramin yaro zamewa take ta kai, ba ta da amfani. Kuɗin jirgi na jirgi ne, ba na kai ba, a faɗe shi a fili tun a tudu. Rabi a tashi, rabi a dawo.

Tambaye shi kuma lokacin cikar ruwa. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, kowane kusan awa shida, kuma kullum lokacin na jinkirta da wajen minti 50. Ƙananan hanyoyin da ke ratsa dajin mangurob, itacen nan mai saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo, sai ruwa ya cika ake shiga. In ya janye jirgi kan zauna cikin taɓo, ku yi ta jira sauro na cin ku. A bakin kogin kansa a sauke ku kan yashi ku taka, kada ku yarda a shiga da ku tsakiyar inda ruwan biyu ke karo.

A hanya, wajen Ablo, a tsaya muku wurin matan da ke dafa gishiri. Ɗan Damagaram zai gane aikin nan take, don kusan yadda ake yin mangul ne a ƙasar Manga: a kankare ƙasa mai gishiri, a zuba a babban kwando, a tace da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe. Itacen dahuwar ne ya ci dajin mangurob da yawa, shi ya sa yanzu ake sake dasawa, wasu wuraren kuma an damƙa su ga Zangbeto, dodon tsaron garuruwansu, don kada kowa ya sara. In ka ga alamar tsafi ko ƙyalle a ɗaure, kada yara su taɓa, kada a ɗauki hoto sai an tambaya.

Kunkurun teku kuma lokacinsu ne. Da dare suke fitowa su haƙa rami su zuba ƙwai, wani irin ma ya fi buhu uku na gero nauyi. Masu gadin gaɓa na kwashe ƙwan zuwa wani shinge, bayan kusan wata biyu a saki ƴaƴan. Ka tambaya a masauki ko akwai sakin da za a yi. Ba a haska musu tocila ko filashin waya, haske na ɓatar da su daga hanyar ruwa. Da safe kuma in kun ji waƙa a gaɓa, masunta ne ke jan babbar koma, mutum talatin ko fiye kan igiya ɗaya, awanni ana ja. Ana barin baƙo ya kama, kuma nan ake sayen kifi mafi arha. Da la'asar a zaga tsohon gari, Gbekon, a ga gidajen ƴan kasuwar zamanin Turawa da suka ruɓe, teku ya riga ya cinye wani sashe. Akwai kuma Villa Karo, cibiyar al'adu ta ƴan Finlan mai ɗan gidan tarihi.

Malamin Lakwal, Sabon Gari:

Madalla, Allah ya biya ku. Saura salla da abinci, da kuma ko shirun nan yana nan har ƙarshen shekara.

Mai Kaya, Tudun Jamus:

Shirun na ranakun aiki ne, Malam. Asabar da Lahadi mutanen Kwatano da Lome na zuwa, daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara kuwa ɗakuna na cika, wasu masaukan kiɗa har asuba, sannan a farkon Janairu akwai bikin Bodun, addinin gargajiyarsu. Ka kama ɗaki tun da wuri, ka tambaya ko akwai mashaya a jikinsa, da ko suna da janareta, don dare ba fanka can azaba ne. Ka ciri kuɗi a Kwatano ko Kome, ka nemi canji ƙanana, mai kwakwa ba ta da canjin jika goma.

Alƙibla mai sauƙi ce: ka sa teku a hannun dama, ka ɗan karkata hagu. Agogo ɗaya ne da namu, amma garin ya fi mu yamma, azahar na shiga kusan rabin awa bayan ta Damagaram, kada ka bi jadawalin gida. Togo kuma awa ɗaya take baya, iyakarta kilomita 20 ce, wayar da ta kama layinsu sai ta canja maka lokaci. Ka saita agogon da hannu, ka sayi layin MTN ko Moov na can. Kwana huɗun nan ka lura da niyyarka saboda kasaru. Masallatai ba su da yawa, tambayi ƴan tireda da masu gasa nama, yawanci mutanenmu ne.

Abinci ka tsaya kan kifi, jatan lande da ƙaguwa, da akasa, wato kamar madidi, ko shinkafa. Nama sai wurin namu, don ana cin alade. Farin ruwan da ake miƙa wa baƙo a ƙaramin kofi sodabi ne, giyar kwakwar manja, a ce an gode kawai. Kilishin guzuri a cinye shi a hanya, in ya kwana uku a laimar can fari-fari zai fito masa. Haka takalmin fata. Shadda ma a bar ta gida, a ɗauki yadi mara nauyi kala uku-uku, don abin da aka wanke da yamma ba ya bushewa kafin safe.