Ido na tsalle, me ya hana ɗaki rawa?

Ɗan Gobir:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau ƙwar biyu ce, amsa-amo "wa". Ga tambayata:

Kusan sau uku idona ke zabura
A sakan guda, ba ya tsayawa.

Hoton da ke sauka a bayan ido,
Duk tsalle ɗaya yana sauyawa.

To me ya sa bango yake nan daram,
Ƙofa da taga ba su yin rawa?

Na aje kofi, na kau da ido,
Hannu ya kai gare shi ba lalubawa.

Wa ke riƙe da lissafin wurare?
Malamai, ku taso da amsawa.

Baiwar Allah:
Yaya, wannan ai ba ta kai a tashi malamai ba.

Tsoka shida ke jan kowane ido,
Sama, ƙasa, gefe, har da murɗawa.

Su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ya kai,
Ita ko ta zauna tana haɗawa:

Ga inda ido ya fuskanta, ga hoto,
Wurin abu sai ya fito ba ɓacewa.

Malam Na-Dala:
Ƙanwata, kin kusa, amma gwada wannan tukuna. A hankali fa, ta kan fata.

Rufe ido ɗaya, ki ɗora yatsa
A gefen ɗayan, kina ɗan turawa.

Za ki ga ɗakin kaf ya gusa,
Alhali ba abin da ke motsawa.

Ido ya motsa, tsoka ta ji shi,
Amma ƙwaƙwalwa ta kasa gyarawa.

Don ba ita ce ta aike shi ba,
Ba ta san da tafiyar ba tun farawa.

In sarki ya aika wa hakimi takarda,
Magatakarda kan bar kwafi don ajiyewa.

Haka ƙwaƙwalwa in ta ce "duba dama",
Kwafin umarnin take turawa

Ga sashen gani, ta ce "za a gusa,
Kar ka ɗauka duniya ce ke tafiyawa."

Hujjar yatsan nan Helmholtz, masanin Jamus, ya kafa ta tun ƙarni na 19. A 1950 kuma von Holst da Mittelstaedt a Jamus, da Sperry a Amurka, kowa ta hanyarsa, suka fito da zancen kwafin umarni.

Sarkin Zolaya:
Allah gafarta Malam, na bi umarni,
Na tura yatsa har ƙwalla na zubowa.

Uwargida ta leƙo ta ce "lafiya?"
Na ce bincike ne, ta wuce tana darawa.

Likitar Zaure:
Sarki, an ce a hankali, ba a ce ka ƙwaƙule ba. Malam ya faɗi saƙon, bari in faɗi inda ake haɗa lissafin. Sunan wurin farayatal, can saman ƙwaƙwalwa ta wajen baya. A birai aka gano, aikin Andersen da Mountcastle a 1983, sannan Andersen da abokansa suka faɗaɗa shi a 1985.

An sa biri ya kafa wa ɗigo ido,
Aka kunna haske yana walƙawa.

Ƙwayar jijiya ɗaya ake saurare,
Ta ga hasken, ta soma bugawa.

Aka sa ya karkata ido dama,
Hasken ya bi shi, bai canza masauka ba kuwa:

Gurbi ɗaya ne a bayan idon,
Sai ga bugun ya ƙaru yana hauhawa.

Ya karkata hagu, bugun ya yi sanyi,
Hoto ɗaya, amsa na bambantawa.

Ƙwaya guda ba ta san wurin abu ba,
Sai an tara dubbai ake ganewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken 1992, na Duhamel da Colby da Goldberg:

Tun kafin ido ya bar inda yake,
Wasu ƙwayoyin sun riga shi sauyawa.

Suna amsa hasken da zai shigo musu
Bayan tsallen da ba a kai ga yi ba, kuwa.

Kuma Malam, kar a kori Baiwar Allah hannu rabbana. A 2007 ɗakin binciken Goldberg ya samu saƙon tsokar ido a sashen jin jiki na ƙwaƙwalwar biri. Yana zuwa, sai dai bayan ido ya sauka yake isowa, kwafin umarni kuwa ya riga tsallen.

Malam Na-Dala:
Likita, "kuwa" har sau biyu don cike amo? Mun gani, mun yi shiru don ilimin da ke ciki.

Baiwar Allah:
Ashe tsokata makara ta yi kawai,
Ba ƙarya ta yi ba, Malam, sai janyewa.

To ga tawa, Yaya Ɗan Gobir,
Ɗauko madubi ka tsaya dubawa.

Kalli idon dama, ka koma na hagu,
Ba za ka taɓa kama su suna motsawa.

Na kusa da kai ko yana ganin tsallen,
Ina naka ganin yake shigewa?