Muhawara: Wa zai biya jinin mutanen Kano na 20 ga Janairu?

Baban Khalifa: Jama'a, assalamu alaikum. Mai amsa ya amsa min. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 'yan Boko Haram suka tashi bama-bamai a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin shiyya ta ɗaya, da ofishin fasfo na Farm Centre, aka kashe aƙalla mutum 185 a yini ɗaya. Ga tashar New Road ta Sabon Gari a Maris 2013. Ga Babban Masallacin ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwamba 2014, aka kashe sama da mutum ɗari suna sahun Juma'a. Ina kwamitin da ya zauna ya saurari iyalansu? Ina rajistar marayunsu? Amma tun 2016 ga sansani can a Malam Sidi ta jihar Gombe, ana ciyar da tubabbun 'yan Boko Haram waɗanda suka ɗauki bindiga, ana koya musu ɗinki da walda, a sallame su da kayan sana'a. Ni dai na ce zalunci ne a fara da mai kisa kafin a biya diyyar wanda aka kashe.

Malamin Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan su. Amma Alhaji, a daina kiran abin da gwamnati ke bayarwa diyya. Diyya hukunci ce mai adadi: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, ka ga ran namiji ɗaya kilo huɗu da kwata na zinare ke nan. Ido ɗaya ko hannu ɗaya rabin haka, yatsa kashi ɗaya cikin goma, haƙori raƙuma biyar. Duk abin da bai kai nan ba sunansa tallafi.

Barista: Allah gafarta Malam, idan muka tsaya a kan wannan ma'auni babu wanda zai karɓi ko sisi. Mutum 185 kawai sun haura kilo 780 na zinare. Sannan a mazhabar Malik diyyar mace rabin ta namiji ce, ta Kirista ma haka. A cikin mamatan nan akwai mata, akwai Kiristoci da yawa, musamman na New Road. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana gwamnati bambanta 'yan ƙasa saboda jinsi ko addini, don haka farashi ɗaya za ta sa wa kowane rai. Misalin da muke da shi shi ne na Apo a Abuja, inda jami'an tsaro suka kashe mutum 8 suka raunata 11 a Satumba 2013. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa ta yanke naira miliyan 10 ga kowane mamaci, miliyan 5 ga kowane mai rauni, jimilla miliyan 135. Hukuncin na 2014 ne, kuɗin bai fito ba sai 2018.

Malamin Fagge: To ai ka faɗa da bakinka, Barista. Jami'an gwamnati ne suka yi kisan, shi ya sa ya hau kanta. Na Kano fa? Diyya tana kan wanda ya yi kisa, ko danginsa na wajen uba idan kuskure ne.

Ustaz Kurna: Malam, a ƙarasa babin. Lokacin da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahal a Khaibara ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba, Manzon Allah (SAW) ne ya biya raƙuma ɗari don kada jinin ya tafi a banza. A nan malamai suka kafa hujjar biya daga baitulmali. Kuma ayar Ma'ida ta 34 da ake ta jawowa a kan tubabbu haddin fashi take saukewa ga wanda ya tuba kafin a kama shi. A wajen Malikiyya haƙƙin jini da na dukiya yana nan sai masu shi sun yafe. Gwamnati ba ta da ikon yafe jinin da ba nata ba.

Ɗan Kwari: Wane tuba? Mutumin da ake biya dubu 65 duk wata!

Barista: Ƙanena, ka haɗa biyu. Dubu 65 na afuwar Neja Delta ne, wadda marigayi 'Yar'aduwa ya yi a 2009. Shiri daban, mutane daban.

Ɗan Kwari: To ko ma na wa ne. Ku dai ku faɗi gaskiya, Jonathan da kuka tsana shi ya kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu kan rikicin zaɓen 2011, shi ya saki biliyan 5.7 a 2013 wa jihohi tara, har da Kano. Shi ya kafa asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa, wanda T.Y. Danjuma ya jagoranta, a 2014. Naku, Buhari, ya yi shekara takwas, me ya ba marayun Bompai?

Sarkin Yaƙin Baba: A zamanin wa aka tashi bama-baman? Kunya ma ba ka ji. Wa ya sa hannu a dokar hukumar raya Arewa maso Gabas a 2017?

Ɗan Kwari: Kano tana Arewa maso Gabas ne? Kuma da kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan'adam ya kira shi, ya je?

Sarkin Yaƙin Baba: Shi kaɗai ne bai je ba? Babangida da Abdulsalami fa?

Maman Hanif: Haba bayin Allah, an bar jaki ana dukan taiki. Ko yau aka turo kuɗin, wa za a ba? Matsalar farko rajista ce. Da yawa a ranar ko washegari aka binne su, babu takardar asibiti, babu ta hukumar ƙidaya. Idan aka ce sai da takardar mutuwa, an zubar da talakawa tun a bakin ƙofa. Abin da ke aiki shi ne a karɓi rantsuwar kotu tare da shaidar mai unguwa da limami ko fasto, a gwada da littafin ɗakin ajiye gawa da rahoton 'yan sanda, sannan a liƙa sunayen a kowace mazaɓa na wasu makonni domin mai ƙorafi ya fito. Idan jerin ya bi ta hannun 'yan siyasa, sunayen bogi za su fi na gaske yawa. Na biyu rabo. Kada a damƙa cek a hannun wan mamaci wai shi ne babba. Gado ne, kotu ke raba shi: matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, idan su biyu ne ko huɗu su raba wannan tumunin, kason yara kuma a asusu da sunansu ƙarƙashin kulawar alƙali. Na uku, mai ƙarfe a jikinsa ko wanda ya rasa ƙafa, kuɗin lokaci ɗaya ba ya riƙe shi. Ƙafar roba tana lalacewa, ta yaro kuma sai an riƙa sauyawa yana girma. Katin magani na dindindin da kuɗin makaranta sun fi masa dunƙulen kuɗi.

Malamin Fagge: Hajiya, kin ce gado ne. To kin yarda diyya ce ke nan, domin tallafi ba a gadonsa, wanda aka ba shi ne mai shi.

Maman Hanif: Malam, ka kira shi abin da ka ga dama, a dai rubuta a dokar yadda za a raba.

Barista: Maganar Oputa da aka jefo tana da amfani. Obasanjo ya kafa shi a 1999, ya karɓi ƙorafi kusan dubu goma, ya zauna har a nan Kano a 2001, ya miƙa rahoto a Mayu 2002. Gwamnati ba ta taɓa fitar da shi ba, ƙungiyoyi ne suka wallafa a 2005. A shari'ar Fawehinmi da Babangida ta 2003 Kotun Ƙoli ta ce ikon kafa irin wannan kwamitin bincike na jihohi ne, na tarayya ya tsaya a Abuja. Ma'ana gwamnan Kano zai iya kafa nasa ba tare da jiran kowa ba. Sai dai kada a kafa shi babu layi a kasafin kuɗi. A Afirka ta Kudu kwamitin gaskiya da sulhu na Desmond Tutu ya ba da shawarar a biya waɗanda aka zalunta a zamanin wariyar launin fata duk shekara har shekara shida, gwamnati ta ba da rand 30,000 sau ɗaya a 2003. A shari'ar Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, an yanke sefa biliyan 82 wa mutum 7,396 a 2017, ya mutu a 2021 ba a fara biya ba.

Ɗan Kwari: Madalla. To wa ke gwamna a 2012 da 2014? Jar hula ta amsa.

Amana Gwale: Wanda ya gaje shi shekara takwas ya yi, kuma shi ne mataimaki a lokacin. Ka fara da shi.

Sarkin Yaƙin Baba: Ka janye kalmar "naku" tukuna.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta. An yi ittifaƙi cewa diyya ce, kuma tana kan baitulmali kamar yadda Ustaz ya kawo dalili. An yarda tuban da ba a nemi yafiyar masu jini ba bai cika ba. Nauyin kuma na gwamnatin tarayya ne, tunda tsaro a hannunta yake. Sauran maganganun siyasa ne.

Barista: Ranka ya daɗe, ba a yi wannan ittifaƙin ba, kuma ka tsallake hukuncin 2003 gaba ɗaya. Na ce jiha ce ke da ikon kafa kwamitin.

Malamin Fagge: Ni ma ban yarda diyya ce ba.

Baban Khalifa: Tambayata fa ba a taɓa ta ba: me ya sa aka fara da Malam Sidi? Barista, rubuta mana takardar koke zuwa majalisar dokokin jiha, ka sa matakan rajistar da Hajiya ta lissafa. Ka bar gurbin sunan kuɗin, su Malam su cike.