Gano sigar MySQL daga cikin PHP

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Manhajar da nake rubutawa da harshen shirya manhaja na PHP tana adana bayanai a tsarin rubuta bayanai na JSON, wanda MySQL (manhajar rumbun adana bayanai) bai fara karɓa ba sai daga siga ta 5.7.8, saboda haka ina neman hanyar da PHP zai tabbatar da sigar sabar tun kafin ya ƙirƙiri tebur. Shin lambar da `phpinfo()` ke nunawa ta wadatar?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ba ta wadatar ba, malam, domin wannan lambar ta ƙunshin lambobin (library) da PHP ke amfani da shi wajen haɗawa da MySQL ce, ba ta sabar kanta ba. Bayan ka buɗe haɗi, ka aika `SELECT VERSION()`, sabar za ta faɗi sigarta da bakinta.

Mai Lura: Tunda kwatanci za ka yi, na fi son `mysqli_get_server_version`, wadda ke mayar da lamba zalla: 8.0.36 takan fito 80036, sai ka duba ko ta kai 50708, wato 5.7.8. Sai dai ka yi hattara idan sabar MariaDB ce, wato wani reshe na MySQL, domin lissafin sigoginta daban yake, kuma wannan gwaji zai iya yaudarar ka.

Ɗalibi: Na gwada, 50744 ta fito. Na gode ƙwarai.