Rinin ɗauri: me ke hana wurin ƙulli fitowa fari, shuɗin kuma ya yi ta zuba?

Ƴar Koyo:
Assalamu alaikum. Masana rini, a taimaka mini. Farin yadi ne, yadi biyar, an ƙulle shi da zaren ɗinki, aka tsoma a bokitin shunin kanti sau ɗaya, ya yi kamar minti 30 a ciki. Da aka kwance, inda ya kamata ya fito fari tas sai ya fito shuɗi-shuɗi, ga shi har bayan wanki uku yana ɓata hannu. Laifin ɗaurin ne ko na ruwan?

Ɗan Karofi:
Wa'alaikumus salam. Malama, duka biyun ne, amma babban laifin na tsomin ne. Shuni ba ya narkewa a ruwa yadda yake. Sai soda mai ci da haidiro (wani garin sinadari ne na masu rini, mai cire iska daga ruwan shuni) sun juya shi ya koma kore mai ratsin ɗorawa, sannan ya shiga cikin zaren auduga, iska kuma ta mayar da shi shuɗi a can ciki. Shi ya sa daɗewa a ruwa ba ta ƙara duhu, yawan shiga da fita ke ƙarawa. Ki tsoma minti 2 zuwa 3, kina matsa shi a hankali a ƙarƙashin ruwa, ki fitar, ki buɗe lungunan ya sha iska minti 10 zuwa 15, sai babu sauran kore ko kaɗan, sannan ki mayar. Sau 6 zuwa 8 zai ba ki shuɗi mai duhu. Ki tuna in ya bushe zai yi haske fiye da yadda kike ganinsa a jiƙe.

Awon ruwa lita 10: shuni giram 25, soda mai ci giram 25, haidiro giram 50. Sodar ake zubawa cikin ruwan sanyi, kada a zuba mata ruwa, tana tafasa ta fantsamo. Safar hannu ta roba dole ce, kuma ban da tukunyar alminiyam, sodar na cinye ta. Ki dama shunin da ɗan ruwan ɗumi ya zama kamar kunu, ki haɗa da ruwan sodar, ruwan bokitin ya kasance da ɗumin da hannu zai jure, ki barbaɗa haidiro, ki juya a hankali, ki rufe awa ɗaya. In ya nuna za ki ga kumfa shuɗiya da wani ƙyalli kamar jan ƙarfe a sama, ƙasan kuwa kore. In kika ɗebo kika ga ruwan shuɗi ne har ƙasa, iska ta shige shi, duk abin da kika rina a ciki a fatar yadin zai tsaya. Wannan ne ke bin hannu. Ƙara haidiro cokali ɗaya, ki jira minti 30. Kuma kada ki bari yadin ya riƙa ɗiga cikin bokitin, kowane ɗigo iska yake kai masa.

Inna Mai Ƙulli:
Ƴata, zaren ɗinki na auduga shan ruwa yake, shi ya kai miki rinin ciki. Nemi zaren buhu ko kaba, ki naɗa sau 8 ko 10 a wuri ɗaya, ki ja har yatsa ya yi zafi. In farcenki na shiga ƙarƙashin ɗaurin, bai ɗauru ba. Ƙananan zobba kuma, tsakuwa ko ƙwayar wake ake sawa a ɗaure a gindinta.

Abin da masu koyo ke tsallakewa: bayan ɗauri a jiƙa yadin a ruwan zallah minti 20, a matse, kafin ya ga shuni. Ruwan ya riga ya cika cikin ƙullin, rini ba shi da wurin shiga. Busasshen yadi kuwa zuƙe shi yake kamar lagwani.

Sabon yadi ma akwai sitaci da maiƙon masaƙa a jikinsa, a dafa shi da sabulu da ƴar kanwa awa guda tukuna. Ki ƙona zare ɗaya ki gani: in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule kamar leda akwai roba, ba zai kama da kyau ba. Kada ki kwance sai kin ɗauraye har ruwan ya washe.

Ɗan Karofi:
Gaskiya ne, Inna. A ɗaurayar ƙarshe a sa ruwan tsamiya ko lemun tsami, ya kashe kaifin sodar, in ba haka ba yadin zai yi saurin ruɓewa.

Malamin Zane:
Ni dai ba zan ce duk shuɗin da ke bin jiki aibi ne ba. Turkuɗin Kura da gangan ake buga masa garin shuni a mabuga har ya yi ƙyalli, Buzaye kuma haka suke son rawaninsu. Amma wannan wani aiki ne daban, naki ba a so ya zuba.

In kin ƙware a ƙulli, gwada na allura, wanda Yarabawan Abekuta ke kira adire alabere: ki zana layi, ki bi shi da ɗinki tazarar rabin santimita, ki bar jelar zare a kowane layi, sai an gama duka a ja a tsuke. Na sitaci, wato eleko, garin rogo ake dafawa da ɗan alam, a shafa, ya bushe kwana 2 ko 3. Shi ba a matsa shi, tsomin minti ɗaya ne cikin ruwa mai sanyi, a shanya ya bushe kafin na gaba, in ba haka ba sitacin ya saki.

Ruwan baba da toka irin na rijiyoyin Ƙofar Mata yana ɗaukar mako guda ko fiye kafin ya nuna, da hunturu ya fi haka, ana motsa shi da muciya safe da yamma. Ya fi tausaya wa yadi, sai dai a fara da bokiti.

Ƴar Koyo:
Allah Ya saka da alheri. Wannan da ya lalace, a jefar ke nan?

Inna Mai Ƙulli:
A'a. Wanke shi da ruwan zafi da sabulu har ya daina zuba, ki sake ɗaurewa a wasu wuraren, ki tsoma sau 6. Zai fito da shuɗi kala biyu, mai haske a cikin ƙulli, mai duhu a fili.