Okid ɗina yana yamushewa duk da ruwan da yake sha

Maman Sadiya, Ringim:
Assalamu alaikum. Don Allah masana furanni a taimaka. Okid ne mai faɗin ganye, wanda ake kira Phalaenopsis. Da furensa ya kaɗe aka mayar da shi tukunya mai ƙasar lambu da takin awaki. Safe da yamma yana samun ruwa, amma ganyen sai yamushewa yake, na ƙasa har ya yi rawaya. Ruwa zan ƙara ko taki?

Malam na Gwarzo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ko ɗaya kada ki ƙara. Ƙasar ce ke kashe shi. A dazukan kudu maso gabashin Asiya inda ya fito, a jikin bishiya yake maƙalewa kamar kauci, sai dai shi ba ya tsotsar bishiyar. Saiwarsa a fili take, ta sha ruwan sama, iska ta busar da ita. In aka binne ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa take yi, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta ɗaukar ruwa. Shi ya sa ganyen ke nuna ƙishi alhali tukunyar na jiƙe sharkaf.

Ki zare shi yau, ki wanke saiwar. Mai rai za ki ji ta da tauri, kore ce ko fari-fari. Matacciya launin ƙasa ce, in kin matsa sai ta lotse, ɓawon ya saɓule ya bar siririn zare. Ki yanke duk irin wannan da sabuwar reza, ki bar shi a inuwa ya kwana ya sha iska.

Abin da za ki zuba masa: kashi 2 ɓawon kwakwa yankakke, kashi 1 gawayi, kashi 1 tsingaro, kowanne gutsure girman dabino. Ɓawon kwakwar ki jiƙa shi kwana 3 kina canja ruwa saboda gishirin da ke jikinsa. Tukunya ƙarama, wadda saiwar za ta cika, mai huji a gindi da gefe. Kada ki binne wuyansa.

Anti Bilki, Kazaure:
Malam ya gama magana a kan saiwa. Sai dai 'yar'uwa, kar ki ɗauki zancen "sau ɗaya a mako" da ake yawo da shi a intanet, na ƙasashen sanyi ne. Saiwar ce za ta gaya miki: in tana kore ki ƙyale, in ta koma fari-fari ki ba shi. A bazara zai iya nema duk kwana 2 ko 3, da damina ya yi mako bai nema ba. Ki kwarara ruwan da safe har ya zuba ta ƙasa, ya tsane sarai. Wanda ya taru a tsakiyar ganye ki tsane shi da auduga, don in ya kwana a wurin zuciyar ce ke ruɓewa, daga nan kuma da wuya ya tashi. Ruwan sama ya fi. Na wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin gishiri da ke ƙona bakin saiwa.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a zafinmu, tana sanyaya saiwa.

Malam na Gwarzo:
Haka ne Anti, amma da hunturu tana saurin bushewa ainun. A ɗora ta kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, gindin bai taɓa ruwan ba.

Injiniya, Dambatta:
Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 30, mu kuwa Afrilu tana haura 40. Ɗakin kwano da rana ba wurinsa ba ne. A nema masa rumfar zana ko ƙarƙashin darbejiya ta gabas, ya ga hantsi kawai, a rataye shi sama saboda awaki da gara.

Taki sai sabuwar saiwa ta fito, za a gane ta da koren baki mai sheƙi. Takin zamani mai narkewa a ruwa, mai lambar 20-20-20 a kwalinsa, kwatan awon da aka rubuta a kwalin, duk mako 2, bayan an jiƙa saiwar da ruwa zalla. Ƙwayoyin takin gona kada su kusance shi. Fure kuma a yi haƙuri, wanda aka yanke wa saiwa zai iya tsallake shekara. Sanyin daren Disamba da Janairu ne ke sa shi fitar da karan fure.

Maman Sadiya, Ringim:
Allah Ya saka da alheri. Na zare shi, saiwa 3 ce kawai mai tauri. Ganyen da ya yamushe in cire?

Anti Bilki, Kazaure:
A'a, ki bar shi, da shi zai yi sabuwar saiwa. Mai rawayan zai faɗi da kansa. Ki kafa tsinke ki ɗaure shi kada ya riƙa girgiza.