Neman taimako: IPv6 ya tsaya mini a ɓangaren sadarwa na yaren kwamfutarmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Daga Nima nake, nan Accra. Muna da wani ƙaramin yaren kwamfuta da muka gina a kan C don koyar da matasan Zango, kuma ɓangarensa na sadarwa IPv4 kaɗai ya sani, wato tsohon tsarin adireshin intanet, bai san IPv6, sabon tsarin, ba. Tunda adireshin IPv4 mai bit 32 ya kusa ƙarewa, har AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka, na rabon ragowarsa da takatsantsan, na ga bai dace yaranmu su koyi tsohon yayi kawai ba.

Wajen neman adireshi daga suna, na cire gethostbyname na sa getaddrinfo, na koma sockaddr_storage (ma'ajin adireshi mai faɗi) don adireshin IPv6 mai bit 128 ya samu wuri. Wannan ya tafi daidai.

Inda na maƙale shi ne sabar, wato ɓangaren da ke jiran masu haɗawa. Idan na ɗaure soket (ƙofar da manhaja ke sadarwa ta cikinta) a kan ::, wato kowane adireshin IPv6 na na'urar, a Linux tana karɓar IPv4 da IPv6 duka, a Windows kuwa IPv6 kaɗai, sai na kashe IPV6_V6ONLY, saitin da ke taƙaita soket ga IPv6. Da na kashe, adireshin IPv4 na zuwa da ::ffff: a gabansa, jerin waɗanda aka yarje wa shiga ya daina gane su. OpenBSD ma, wani tsarin aiki kamar Linux, ba ta yarda da haɗa iri biyun a soket ɗaya ba sam.

Don Allah, malamai, soket biyu zan buɗe, ko ɗaya in riƙa warware adireshin da kaina? Wanne ne ba zai rikita mai koyo ba?