Tausar tafin ƙafa bayan yawon buɗe ido, magani ce ko daɗi ne kawai?

Abu_Sadeeq

Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema gurin waɗanda suka san abin nan. Muna Bangkok ni da Hajiyarmu yawon buɗe ido, kuma kun san yanda abin yake, tun safe ake fita sai dare, daga fadar sarki a wuce wuraren tarihi a ƙare a kasuwar dare, ga hawa da sauka a tashoshin jirgi ga tsayuwar layi, wallahi in muka dawo otal tafin ƙafata kaman an zuba mishi garwashi, dunduniya na ta zugi, da safe kuma takun farko sai na dafa bango. Hajiya ita bata cika ƙorafi ba amma na lura ƙafafunta sun ɗan tasa, shatin safa na fitowa raɗau.

To duk lungun da ka bi anan sai kaga wajen tausar ƙafa, da wani hoton tafin ƙafa a manne a ƙofa an rarraba shi kala-kala, nan hanta nan ƙoda nan ido, rifleksoloji suke ce mishi. Shin da gaske abin nan na cire gajiya? Kuma maganar wai in an danna wani guri a ƙafa ana gyara ƙoda ko hanta, akwai ƙamshin gaskiya a ciki? Sannan Hajiya tana da suga, ba matsala in kaita?

Hajjaju

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka je kawai, ni kam ban taɓa tafiya irin wannan na dawo ban yi ba. Za su fara jiƙa maka ƙafa a ruwan ɗumi su goge, su kwantar da kai a wata kujera mai lanƙwasa, a naɗe ƙafa ɗaya da tawul a kama ɗayar, a shafa mai, sai a fara bi da babban yatsa tun daga dunduniya har kan yatsu, su ƴan Tailan har wani ɗan sanda suke dashi na katako da suke dannawa dashi, kuma basa tsayawa a tafin ƙafa, suna hawowa har sha-raɓa zuwa gwiwa. Rabin awa ko awa ɗaya ya danganta da wanda ka zaɓa. Wallahi rabin mutanen da ke ɗakin zaka ga bacci suke. Kana miƙewa zaka ji ƙafar sakayau.

Maganar taswira kuwa ni dai na ɗan yarda, don akwai sanda matar ta danna min tsakiyar tafin ƙafa na zabura, tace min bana shan ruwa sosai ƙodata na wahala, kuma gaskiya ne bana sha. Ta ya akai ta sani?

Malam_Ƙwaƙwaf

Hajjaju Allah ya ƙara lafiya, amma ai duk wanda ya wuni yana yawo cikin zafin Bangkok in ka ce mishi baya shan ruwa isasshe ka faɗi daidai, ba sai ka taɓa ƙafarsa ba. Kuma tsakiyar tafin ƙafar nan da kika zabura, nan ne wata jijiya mai faɗi ta bi tun daga ƙashin dunduniya har gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar ƙafa, duk takun da kika yi sai ta miƙe ta dawo, to wadda ta sha wannan aikin tun safe ko wa ya danna ta dole ki ji.

Abu Sadeeq bari in raba maka abin biyu don mutane na cakuɗa su. Akwai tausa, akwai kuma iƙirarin da aka ɗora a kan tausar.

Iƙirarin shine wai duk jikin mutum an zana shi a tafin ƙafa, yatsu sune kai da ƙwaƙwalwa, tudun da ke ƙasan yatsu shine ƙirji da huhu, tsakiya hanta da ciki da ƙoda, dunduniya ƙugu, gefen ciki kuma ƙashin baya. Mutane na ɗauka wani tsohon ilimi ne na dubban shekaru, alhali wannan taswirar da kake gani a ƙofar shaguna daga Amurka ta taso kuma bata daɗe can can ba. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne William Fitzgerald ya zo da ra'ayin cewa jiki ya kasu shiyya goma a tsaye daga kai zuwa yatsu, suka fitar da littafi a kai shi da Edwin Bowers a 1917. Sai wata mai gashin ƙashi Eunice Ingham ta ɗauka a shekarun 1930 ta tattara abin gaba ɗaya ta maida shi kan tafin ƙafa, littafinta ya fito 1938, kusan duk hotunan nan jikokin nata ne. A Taiwan ma da abin ya yi kasuwa sosai wani limamin coci ne ɗan Suwizalan Josef Eugster ya yaɗa shi. Eh masu abin suna yawan nuna wani zane a kabarin Ankhmahor da ke Saqqara a Masar, sama da shekara 4000, inda ake riƙe da hannu da ƙafar wasu mutane, amma zanen ana taɓa ƙafa baya nufin suna da taswirar ƙoda, ɗan Adam ai tun da ya fara tafiya yake matsa ƙafarsa in ta gaji.

An kuma gwada abin. Edzard Ernst, farfesa ne da ya shafe shekaru yana binciken irin waɗannan magungunan a Ingila, ya tattara gwaje-gwaje 18 a 2009 ya duba, ƙarshen maganarsa babu gamsasshiyar hujja cewa rifleksoloji na warkar da wata cuta. Gwamnatin Ostireliya ma ta sa an duba a 2015 ba'a samu hujja bayyananna ba, daga 2019 aka cire shi daga abubuwan da ake tallafawa a inshorar lafiya. Kuma babu wata jijiya da masu ilimin jiki suka gano ta taso daga tsakiyar tafin ƙafa ta nufi ƙoda kai tsaye. Wani abin dariyar ma in ka jera taswirori daga makarantu daban-daban zaka ga basu yarda da juna ba a wasu guraren.

Ita tausar kuwa bani da ja. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne da gaɓoɓi 33 da tsoka da jijiyoyi sama da ɗari, a ce duk wannan ya ɗauki nauyinka wuni guda sannan a zo a ɗumama shi a matsa a ja yatsu kana kishingiɗe ƙafa a sama, dole kaji daɗi, dole kayi bacci mai nauyi. Tausar gargajiyar Tailan ma abu ne mai asali, a gidan ibadar Wat Pho da ke nan kusa da fadar da kuka je akwai makarantarta, UNESCO ta sa tausar cikin al'adun duniya a 2019. Ka je don gajiya. In an fara ce maka hantarka ce ko kaza, kayi murmushi kawai.

Anti_Nas

Ni ba ta taswira nake ba, inda hankalina ya tsaya shine Hajiya, suga da kumburi da doguwar tafiyar jirgi, abu uku kenan a layi ɗaya.

Abu Sadeeq kafin kowa ya taɓa ƙafarta ka zauna ka kalle su duka biyun gefe da gefe. In kumburin daidai yake a duka biyun, yana ƙaruwa da yamma yana saɓewa da safe, yawanci na tsayuwa ne da zafi, jini da ruwa ke taruwa a ƙasa don tsokar dambubu ce ke turo jini sama in ana tafiya, shiyasa tsayuwa cak a layi ko ɗan takun nan na gidan tarihi, taku biyu a tsaya a kalla, ya fi tafiya sosai gajiyar da ƙafa. Amma in ƙafa ɗaya ce ta fi ɗayar, ko dambubun na ciwo, ko gurin yayi zafi ko ya canza kala, KAR a matsa, kar ku je tausa, asibiti za ku. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiyar ciki, kuma gudan jinin nan in ya ɓalle huhu yake nufa. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa tun 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana kusan ninka haɗarin, duk da a mutum mai lafiya haɗarin ƙarami ne, kuma baya ƙarewa ranar da aka sauka, yana iya kaiwa makonni. In kuma aka ga numfashi na sama-sama ko ciwon ƙirji to wannan gaggawa ce ba jira.

Sai suga. Wanda ya daɗe dashi jijiyoyin ƙafarsa kan mutu a hankali, ji ya ragu, to ita mai tausa da me take gane ta danna da yawa? Da zaburar mutum. Wanda baya ji bazai zabura ba, ruwan ma zai iya ƙona shi bai sani ba. Ga shi ciwo a ƙafar mai suga baya saurin warkewa. Don haka ka duba tafin da tsakanin yatsu da dunduniya, in akwai bororo ko faso da ya buɗe ko wani ɗan rauni komai ƙanƙantarsa a bar maganar tausa. In tana shan maganin tsinka jini ma a kiyaye dannawa da ƙarfi. Mai ciki kuma ta tambayi likitanta tukun.

Kai kuma wannan takun farko da safe da kake dafa bango, jijiyar nan ce da Malam Ƙwaƙwaf ya ambata ta fara gaya maka ta gaji. Kafin ka sauko daga gado ka kama yatsunka ka ja su sama ka riƙe kaman daƙiƙa 30, ka maimaita, sannan ka dafa bango ka miƙar da dambubu. Da dare ka sa robar ruwa a firij tayi sanyi ka taka kana murzawa a ƙasa minti goma, ko ƙwallon tanis in da akwai, sannan ku kwanta ku ɗora ƙafa kan filo ta fi ƙirji tsawo ko minti 15 ne. Wannan kyauta ne kuma rabin aikin da mai tausar zata yi kenan.

Hajjaju

Toh Malam Ƙwaƙwaf na ji, Amurka ce ko Masar ce ni dai ƙafata ta huta kuma nayi bacci, ban fasa ba 😄 Amma Anti Nas ta faɗi gaskiya ta wajen ƙarfin hannu, wasu gani suke in baka yi ihu ba basu yi aiki ba, har suce zafin wai alamar cuta ce ke fita. Ka buɗe baki kace a rage, ba jarumta bace, in ba haka ba gobe ka tashi da ƙafa tayi tsami ta fi jiya.

Ɗan_Jaka

Ni tambaya ɗaya zanyi, wane takalmi kake yawo dashi? Don in silifas ne shafal ko sabon takalmi da ka siya musamman don tafiyar, ko sau biyu a rana ake maka tausa a banza. Kambas mai laushin ciki wanda ƙafarka ta saba dashi, mai ɗan sarari a gaba don ƙafa na ƙara girma da yamma, da safa mai tsotse gumi, kuma in kana da guda biyu ka dinga musanyawa. Waɗanda suka taka duwatsun titin Rum ko hawa da gangaren Istanbul sun san zancen. Sannan ku dena haɗa guri biyar a rana ɗaya da dattijuwa fisabilillahi, ku dawo otal da rana a huta a sake fita in rana tayi sanyi. Kuma in kun ga hanyar nan ta tsakuwa da ake shimfiɗawa a lambuna ana takawa ba takalmi, kai ka gwada in kana so, Hajiya kam a'a.

Abu_Sadeeq

Nagode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Ɗan Jaka ka kama ni, silifas ne saboda yawan cire takalmi da ake a wuraren nan. Anti na duba kaman yanda kika ce, kumburin duka biyun ne kuma daidai, ba zafi ba ciwo, ba rauni, sai dai tace dama ta jima tana jin yatsunta kaman ba nata ba, wani lokacin suna mata tsiko-tsiko da dare. A haka zan iya kaita ko a haƙura?

Anti_Nas

Wannan da ta faɗa shine raguwar jin da nake magana, don haka banda sanda banda dannawa da ƙarfi, kuma banda jiƙa ƙafa a ruwan zafi. In tana so a mata shafa mai laushi da tafin hannu daga idon sawu zuwa sama, ka gaya musu tun a ƙofa tana da suga, ka sa gwiwar hannunka a ruwan ka ji da kanka kafin ta sa ƙafa, a goge tsakanin yatsu ya bushe kar a bar mai a gurin. Gaskiya ma kai zaka iya mata wannan a ɗaki da ɗan man shafawa, ka samu lada. Ita kar ta sake yawo da silifas ko ba takalmi, a wuraren da dole a cire ta bar safa mai kauri a ƙafarta don daɓen tsakar rana na ƙuna, ku dinga duba tafin duk dare, kuma in kun koma ta gaya wa likitanta maganar yatsun nan a gwada mata ji.